Turaren tukunya: yadda ake haɗa shi a ba da kyauta bai yi fumfuna ba

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ina rubuto miki ne daga Fadaman Mada a nan Bauchi. Na ga Turawa a waya suna zuba yankakken lemo da kirfa da kanumfari a tukunya su ɗora a wuta, tururin ya ƙamsasa gida, har suna ɗurawa a kwalba su ba da kyauta. Abin ya burge ni saboda gwaggona tana da asma, likita ya hana ta zama cikin hayaƙin turaren wuta, ita kuwa mace ce mai son ƙamshi. Ga kuma bikin ƙanwata a watan Disamba, ina so in yi kamar guda 20 in ba ƙawayen da za su taya mu hidima. Na gwada: na yanka lemo na shanya kwana biyu, na haɗa da ɗanyar citta da garin kirfa na rufe a kwalba. Kafin sati ya zagayo duk ya yi fumfuna, wanda na dafa kuma ƙamshinsa bai wuce kicin ba. A ina na kuskure? Kuma ba zai tayar wa Gwaggo da ciwonta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Gwaggo lafiya, ya kuma sa a yi biki a tashi lafiya.

Kafin komai, waccan kwalbar ki juye ta a shara gaba ɗaya. Kar ki ce za ki tsince kanumfarin ki wanke saboda tsadarsa. Fumfunar da ido yake gani kaɗan ce a kan wadda ta riga ta ratsa kayan, in kuwa kika dafa ta a ɗakin mai asma, garin neman gira an rasa ido. Kwalbar ita kam ba ta mutu ba: ki wanke ta da sabulu, ki tafasa ta minti 10, ki kife ta a rana har sai babu ɗigon ruwa ko a cikin murfi.

Abin da ya ɓata miki aiki ruwa ne. Ɗanyen lemon zaƙi kusan kashi 87 cikin 100 na nauyinsa ruwa ne, abin da ya rage kuma yawancinsa sukari. Shanyar kwana biyu sama-sama take busar da shi, ki taɓa ki ji kamar ya yi, alhali tsokar ciki da sauran danshi. Sai kika haɗa shi da ɗanyar citta, wadda ita ma ruwa ya fi yawa a jikinta, kika toshe kwalba a ɗumin garin nan. Danshi da sukari da ɗumi, ga rashin iska, abin da fumfuna take nema ke nan. Duk abin da zai shiga kwalbar kyauta sai ya bushe ƙayau. Ɗanyen kaya na tukunyar yau ne, a yanka a dafa nan take. Waɗanda kika gani suna ɗura ɗanye a kwalba, a firiji suke ajiye shi, kuma cikin 'yan kwanaki ake dafa shi. Ke da za ki raba wa mutum 20 a tsakiyar hidimar biki, wata sai bayan wata guda za ta tuna da nata a cikin jaka, wannan hanyar ba taki ba ce.

Yana da kyau ki san yadda abin yake aiki, don daga nan ne za ki riƙa gane abin da zai shiga tukunya da wanda ba zai shiga ba, ko ba ki tambayi kowa ba. Ƙamshin kanumfari da kirfa da ɓawon lemo wani mai ne mai saurin tashi da ke ɓoye a jikinsu. A turaren wuta garwashi ne yake ƙona itacen ya koro man tare da hayaƙi. A nan kuwa ba a ƙona komai, tururi ne yake ɗauko man ya fita da shi. Man ɓawon lemo, wanda fiye da kashi 90 nasa sinadarin limonen ne, in shi kaɗai ne sai ya kai digiri 176 yake tafasa, yujinol na kanumfari kuma sai 254. Amma in suna cikin ruwan zafi, tururi yana kwasarsu kaɗan-kaɗan tun ruwan bai wuce digiri 100 ba. Da wannan dabarar masu tatsar man turare suke aiki tun da daɗewa. Abin da ya shafe ki a ciki shi ne ba tare suke tashi ba. Lemo da na'a-na'a su ne suke fara bugun hanci, su ne kuma suke fara tafiya. Citta da ciyawar shayi, wannan mai ƙamshin lemun tsami, sai su biyo baya. Kanumfari da kirfa su ne masu jimiri, za su yi awanni suna bayarwa. Haɗin da babu lemo yana da nauyi, wanda babu kanumfari kuma kafin baƙi su gama gaisawa ya salance.

Sai maganar lemon. Waɗannan yankakkun ƙawanyoyin da suke ba kwalba kyau a hoto, yawancin aikinsu ado ne. Ƙamshin yana a ɓawo, a wannan fatar ta sama mai ƙananan ramuka. Ki matse ɓawon sabon lemo kusa da haske za ki ga man yana fesowa. Tsokar ba ta da wani ƙamshin kirki in ta bushe, ita ce kuma mai wahalar bushewa, ita ce mai jawo fumfuna. Mu kuwa Allah ya hutar da mu, don a nan feraye lemo ake yi kafin a sayar. Ki je wajen masu lemo a kasuwar Muda Lawal, ko mai tire na bakin layinku, za ki tarar da ɓawon nan dogo-dogo, siriri, babu farar fatar ciki a jikinsa sosai, an tara shi ana jiran a zubar. Daidai abin da kike nema ke nan. Sai dai ki karɓi na ranar, wanda bai kwana a leda ya yi gumi ba, ki ɗauraye shi ki tsane da tsumma mai tsabta. In kina so ki fi samun natsuwa, ki sayi lemon ki wanke ki feraye da kanki, yara su sha cikin.

Kar launinsa ya dame ki. Lemon da ake kawo mana daga Binuwai kore ne ko ruwan ɗorawa-ɗorawa, saboda sai dare ya yi sanyi sosai koren fatar lemo yake washewa, ƙasarmu kuwa ba ta cika samun irin wannan sanyin ba. In ya bushe zai koma ruwan ƙasa-ƙasa. Bai kai na hoto kyau ba, amma hanci ba ruwansa da wannan. Ki haɗa da ɓawon lemun tsami kaɗan da na tanjarin in kin samu, za ki ji yadda ƙamshin yake buɗewa.

Kin yi dace da lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu a Bauchi busasshiya ce ƙwarai, ita da kanta take yi miki aikin. Ɓawo da ganyaye a inuwa ake shanya su, inda iska take wucewa, don rana mai zafi tana korar man da kike tattali. Ki baza su a faifai ko rariya, ɗaya bai hau ɗaya ba, ki ɗora a kan wani abu yadda iska za ta bi ta ƙasa, ki rufa tsohon gidan sauro ko mayafi shara-shara saboda ƙura da ƙuda. Cikin 'yan kwanaki ɓawon zai bushe. Alamar ya yi ita ce ki lanƙwasa shi ya karye ɓas. In ya lanƙwasu ya dawo, da saura.

Ƙawanyoyin adon kuma, tunda na san ba za ki haƙura da su ba, biyu sun isa kowace kwalba. Ki yanka su da wuƙa mai kaifi, kaurin kar ya wuce rabin santimita, ki cire 'ya'yan, ki danne kowanne tsakanin tsumma biyu ya tsotse ruwan sama. Su rana suke so, ki riƙa juya su safe da yamma, ki shigar da su ɗaki in magariba ta yi. Za su iya cin kwana biyar zuwa sati. In kina da oben, digiri 80 zuwa 90 na awa uku zuwa huɗu, kina juyawa duk rabin awa. Wanda ba shi da ma'aunin zafi ki sa shi a wuta mafi ƙanƙanta, ki saƙala ludayin katako a bakin ƙofar don danshi ya samu hanyar fita. Tukunyar yashi da ake gasa kek a ciki ba za ta yi ba, zafinta ya yi yawa kuma a rufe take, dafa lemon za ta yi ta ƙona sukarin. Busasshen yanki in kika ɗaga shi a haske za ki ga hasken yana ratsa shi, kika danna tsakiya da yatsa kuma ba ya manne miki.

Ga matakin da mutane suke tsallakewa saboda gaggawa, shi ne kuwa zai cece ki daga jin kunya. Bayan kin ga kamar komai ya bushe, ki zuba lemon shi kaɗai a babbar kwalba, kar ki cika ta, ki rufe ki ajiye sati guda kina girgizawa kullum. Da safe ki duba jikin gilashin. In kika ga ya yi gumi ko yankan suna manne wa juna, ki fitar ki mayar shanya. In sati ya cika gilashi garau, to yanzu ne za ki haɗa shi da kayan ƙamshi masu tsada.

Kayan ƙamshin ki saye su ɗungurungum, kar ki sayi gari. Garin kirfar da kika sa yana cikin abin da ya rage miki ƙamshi: da zarar an niƙa, man ya fara guduwa tun a shago, ba ki kuma san me aka cakuɗa a ciki ba. A tukunya ma laka yake zama, ya kwanta a gindi ya kama. Ki shiga layin masu kayan yaji da kayan shayi a kasuwar Wunti ki zaɓa da hannunki. Kanumfari mai kyau yana da ƙiba, kansa yana nan bai guntule ba, in kika danna shi da farce za ki ga alamar mai. Kashi 15 zuwa 20 na nauyinsa mai ne, shi ya sa ƙwaya kaɗan take cika ɗaki. Ki jefa 'yan ƙwayoyi a kofin ruwa: mai kyau yana nutsewa ko ya tsaya a miƙe kansa sama, wanda ya tsufa ko aka riga aka tatse shi sai ya kwanta a kan ruwa. Daga nesa yake zuwa, Indonisiya da Madagaska da tsibiran Zanzibar da Pemba, don haka ba abin mamaki ba ne a samu wanda ya shekara biyu a buhu.

Kirfa iri biyu ce. Akwai ta Siri Lanka, mai siririn ɓawo da aka naɗe rufi-rufi, mai taushin ƙamshi da tsada. Akwai mai kauri da tauri da ake kawowa daga Sin da Biyetnam da Indonisiya, ita ce ta cika kasuwanninmu. A wannan aikin mai kaurin ce ta fi, ƙamshinta ya fi ƙarfi kuma ta fi araha, kar ki ɓata kuɗinki. Citta busasshiya za ki sa, irin tsagaggiyar nan ta Kaciya, ki ɗan ƙwanƙwasa ta a turmi ta fashe ba tare da ta zama gari ba. Bayan cutar da ta afka wa gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023 kuɗinta ya yi sama, amma ba da yawa ake buƙata ba.

Turawan suna sa wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami da rassan itacen Kirsimeti, don a lokacin sanyinsu suke yin abin. Kar ki wahalar da kanki neman su a manyan kantuna. In ja kike so, zoɓo ƙwaya huɗu ko biyar zai rina ruwan, ya kuma ba kwalbar kyau, duk da dai ba shi da wani ƙamshi. Ciyawar shayi ki busar ki ɗaure ta ƙulli-ƙulli. Busasshiyar na'a-na'a da ɗoɗɗoya suna shiga. Abin da ni na fi so a ƙara shi ne kajiji, ƙwaya biyu a ɗan fasa. Shi ne yake ba haɗin wannan sanyin ƙamshin da hancinmu ya saba da shi a ɗakin iyayenmu, ya raba shi da ƙamshin shayi. Ga mace irin Gwaggo da ta tashi cikin turaren wuta, ina ganin kajijin ne zai fi taɓa mata zuciya.

Kimba ki yi hankali da ita. Ɗaya ta isa, ko ma ki bar ta. In kika cika ta, balle ki haɗa da masoro, gidan zai koma kamar gidan jego ranar da aka ɗora farfesu, baƙo ya shigo yana waige-waigen ina jaririn. Hulba kar ta kusanci tukunyar, warinta yana kama labule ya ƙi tafiya. Kayan turaren wuta kuwa, irin su farce da hawi da gabgab da sandal, wuta suke so, a ruwa ba sa ba da abin kirki. Ƙaro irin su luban narkewa yake ya manne a tukunya. Haɗaɗɗen turaren wuta da aka soya da sukari da turaruka kumfa zai yi miki mai yauƙi. Turaren kwalba mai fesawa kuma kar ki ɗiga shi a tukunyar da ke kan wuta, akwai sinadari mai kama wuta a cikinsa.

Ma'aunin tukunya ɗaya, ta ruwa lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi: busasshen ɓawon lemo cikin tafin hannu, kirfa biyu masu tsawon yatsa, kanumfari 10 zuwa 12, citta tsagi uku, kajiji biyu, ƙullin ciyawar shayi ɗaya, sai zoɓo da yankan lemo na ado. Kanumfarin ne ake yawan wuce gona da iri a kansa. In ya yi yawa sai ya danne kowa, ɗaki ya ɗauki warin maganin haƙori. Ki dafa ma'auni ɗaya a gidanki tukuna ki ji, ki rage ki ƙara yadda ya yi miki, kafin ki ɗaure na mutane.

Yanzu dalilin da ya sa ƙamshin bai wuce kicin ba. Wani ɓangare laifin garin kirfa ne, wani kuma na dahuwa: in aka bar ruwa yana tafarfasa da ƙarfi, lemon yana ƙarewa cikin 'yan mintoci, ruwa ya ƙone. Da ya tafasa sai a rage wuta can ƙasa, a bar shi a buɗe ba murfi, yana ɗan motsi tururi yana tashi a hankali, ana ƙara ruwan zafi in ya ja baya. Amma babban dalili ginin gidajenmu ne. Su can a lokacin sanyi gida a rufe yake ruf, kicin kuma a haɗe yake da falo, duk abin da aka dafa kowa zai ji. Mu kicin yana can gefe, tsakar gida a buɗe, iska ta kwashe tururin ta kai wa maƙwabta. Saboda haka a dafa a kicin minti 10 zuwa 15, a sauke, a kai tukunyar ɗakin da ake so, a ɗora a kan wani abu mai kauri a lungun da yaro ba zai kai ba. In ta huce a mayar wuta. Wannan ya kuma rage cin gas, don ba kowace uwargida za ta yarda ta bar murhu yana ci awa uku saboda ƙamshi ba. Mai girki da gawayi ta ɗora a kan ragowar garwashi bayan an sauke tuwo, ba ta kashe ko sisi ba. Risho kam warin kananzir yana cinye ƙamshin. In akwai wutar lantarki, tukunyar dafa shinkafa a buɗe ta fi komai sauƙi.

Wani abu kuma, hanci yana sabawa. Wadda ta zauna cikin ƙamshin minti kaɗan sai ta daina ji, ta ɗauka ya ƙare ta ƙara kanumfari. Ta fita tsakar gida ta sha iska ta dawo tukuna.

Abin da nake so ki ja kunnen duk wadda kika ba a kansa shi ne gawayi. Lokacin sanyi ne, tagogi a rufe, wata za ta ce bari ta shigo da kurfoti ɗaki ta ɗora tukunyar, ga ɗumi ga ƙamshi. Garwashi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar guba da ba ta da launi ba ta da wari, mutum ya fara da ciwon kai da jiri, ya yi barci bai farka ba. Tukunyar ce take shiga ɗaki, wutar tana waje. Kuma ba a barin ta a wuta a fita unguwa ko a kwanta, don in ruwan ya ƙafe ɓawon ƙonewa yake, ga hayaƙin da ake gudu ya dawo.

Maganar Gwaggo. Gaskiya ne babu hayaƙi a nan, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai asma. Tururin yana kuma ɗan rage bushewar iskar ɗaki a hunturu. Amma ba zan ce miki ba zai taɓa ta ba, don akwai masu asma da ƙamshin kansa yake tayar musu da ciwo ko babu hayaƙi, kirfa da kanumfari kuwa suna cikin masu ƙarfin da kan harzuƙa maƙogwaro. Nata ki yi shi daban: ki raba kanumfarin biyu, kirfa ɗaya, ki bar lemo da ciyawar shayi da kajiji su yi rinjaye. Ta ambata wa likitanta a zuwa na gaba. Ranar gwajin farko ki je da kanki, kar ki aiki yaro. Ki dafa mata, ki ajiye tukunyar nesa da inda take zaune, taga a buɗe, maganin shaƙarta a kusa. In ta fara tari ko ta ji ƙirjinta ya ɗaure, ki fitar da tukunyar, magana ta ƙare, sai ki nema mata wata kyautar. Ki kuma gaya mata ba magani ba ne. Mutanenmu da sun ga tukunya tana tururi da citta da kanumfari sai a jawo bargo a ce sirace. Tururin wannan haɗin yana yaji a ido da hanci in aka kifa kai a kansa, ga haɗarin ƙuna. Sauro ma kar a dogara da shi, a ci gaba da ɗaura gidan sauro.

Sai shiryawa. Na fi son ki ɗaure kowane ma'aunin tukunya daban, a ƙaramar leda mai zif, sannan ki sa uku a jakar da kika ɗinka da ragowar atamfar anko. In kika zuba komai a kwalba ɗaya, kanumfari gangarawa yake ƙasa, ta farko ta ɗebi ɓawo zalla, ta ƙarshe ta tarar da kanumfari tsura. Kwalba ta fi kyau a ido, ba musu, don haka in ita kike so ki nemi ƙanana, kowace ta zama tukunya ɗaya: kirfa a tsaye, yankan lemo a jingine da gilashi, zoɓo a sama. Kwalaben mayonis da na jam suna yi, sai dai murfinsu yana riƙe wari, ki jiƙa shi a ruwan kanwa ya kwana, ki shanya a rana, ki sansana kafin ki rufe. Ga Gwaggo da manya irinta ki haɗa da 'yar ƙaramar tukunyar ƙasa. Tana riƙe zafi fiye da ta ƙarfe, ta kuma zama ta wannan aikin kaɗai, ba a ɓata ta miya ba. Sabuwa ce sai an jiƙa ta a ruwa ta kwana, kuma a fara mata da wuta kaɗan don kar ta tsage. Tukunyar dalma tsamin lemo da zoɓo yana dusar da cikinta, a sani.

Takardar bayani kar ki raina ta, don duk wanda ya buɗe jakar nan ya ga kirfa da citta da kanumfari, kayan shayi zai ɗauka, kafin ki ankara maigidan wata ya juye a buta. Ki rubuta da Hausa, gajere: "Turaren tukunya. Ba na sha ba ne. A juye ƙulli ɗaya a ruwa lita ɗaya, in ya tafasa a rage wuta, kar a rufe. A riƙa ƙara ruwa. Kar a bar shi a wuta ba kowa. Kar a shigar da gawayi ɗaki." Ki sa watan da kika haɗa. Kanumfari da kirfa suna shekara da ƙarfinsu, amma ɓawon lemo bayan wata shida ya fara sanyi, ga damina tana tafe da danshinta, gara a ƙarar da shi kafin ruwa ya sauka. Wanda aka dafa ana iya sake ɗumama shi washegari. A firiji zai kai kwana biyu ko uku, a waje kuwa, musamman in zafi ya fara, da ya canza wari ko ya yi yauƙi a zubar.

Amarya in za ki sa mata, ki sa shi a matsayin ƙari. Wannan ƙamshin ba ya kama tufafi, ba ya zama a jiki, in tukunya ta huce shi ma a hankali yake tafiya. Ba zai tsaya a gurbin humra da turaren wuta ba, kar dangin miji su buɗe kaya su samu abin faɗa. Inda yake da rana shi ne bayan an soya kifi ko an daka daddawa, ko falon da za a yi baƙi alhali akwai jariri ko tsoho da ba ya son hayaƙi. Maƙwabtanki Kirista ma, tunda bikin ya faɗo kusa da Kirsimeti, in kin yi rara ki miƙa musu.

Guda 20 masu ƙulli uku-uku ƙulli 60 ke nan. Kanumfari zai kama 600 zuwa 720, kirfa 120, don haka sandunan dogaye za ki saya ki kakkarya da kanki, ya fi sauƙin kuɗi. Ɓawon ne zai ba ki mamaki, don in ya bushe ƙanƙancewa yake sosai, abin da ya cika roba ɗanye da ƙyar zai ba ki 'yan ƙulli. Ki yi magana da mai lemo ɗaya ya riƙa tara miki kullum kina karɓa da yamma, ki ɗan ba shi na goro. Ki fara sati huɗu kafin biki: sati biyu na tarawa da shanya, sati ɗaya na gwajin kwalba, na ƙarshe na ɗauri da ɗinki. Ranar ɗauri ki jera ƙananan kwanoni 10 a tabarma, ki bi su da abu ɗaya-ɗaya, kirfa ta zagaye duka sannan kanumfari, ki ɗaure ki sake jerawa. Ki yi shi da hantsi, hannu a bushe, nesa da inda ake girki.